Sunan da Yaya Ba Ta Kira

Na sha jinku kuna hira a tsakar gida, ku 'ya'yana da 'ya'yan Fati, wai Inna Babba mace ce mai ƙumbiya-ƙumbiya, wai har ta koma ga Allah ba ta yarda da jininta ba, ta ɗauki mabuɗin sana'ar gidan nan ta damƙa wa bare. Kuna tsammani don kunnena ya yi nauyi ba na ji. Ina ji sarai, ƙyale ku nake yi. To yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni wuri ɗaya, bari in faɗa muku yadda aka yi, don a kan idona aka yi komai, hannuna dumu-dumu cikin kwaɓin alkama.

Inna Babba taku yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunanta Mariyama, amma ni tun tasowata Yaya nake ce mata, ban taɓa kiran sunanta gatsal ba. Da kasko ɗaya ta fara tuyar alkaki a gidan nan na Zango, bayan rasuwar mijinta, ni kuma ina taya ta murzawa. Alkakinta ba ya shan mai, ba ya tauri, in ka gutsura sai zumar ta biyo ka har gwiwar hannu. Kafin a jima duk uwar da za ta kai wa 'yarta gara, wato kayan da dangin amarya ke kai wa gidan miji, sai ta zo wajen Yaya: alkaki, nakiya, dubulan, a jere cikin kwalla. Mata suka cika gidan suna aiki, wasu daga Birni, wasu daga nan Zango. Yaya ba ta da yawan magana, ni ce mai bakin gidan, ita kuwa kallo ɗaya take yi wa kasko ta san wutar ta yi yawa.

Ɗanta na fari Laminu, wan Fati. Ku 'yan yanzu kuna ƙwala wa 'ya'yanku na fari kira tun daga bakin titi, ko a jikinku. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya ce. Yaya kuwa ta fi kowa riƙon wannan. "Yaron nan" take ce masa, in yana kusa ta ce "kai". Har ya yi gemu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Shi ne ya sayo mata wayar salula babba, ya buɗe wa sana'ar shafi a intanet, ya riƙa ɗaukar hoton kwallaye yana sawa, sai ga mutanen Yamai da Agadas da Maraɗi suna aiko da saƙo, muna ɗora musu kaya a bis, motar fasinja. Shi ne kuma ya zaunar da ita ya koya mata baƙaƙen boko, don ba a sa mu lekwal, makarantar boko, ba. Da iya shegensa, abin da ya fara koya mata rubutawa sunansa ne. Yana ƙyalƙyala dariya yana cewa tunda baki ya ƙi, bari mu gani ko hannu zai yarda. Hannun ya yarda.

Zazzaɓi ne ya kama shi, aka kai shi likita, bai dawo ba. Yaya ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don uwa ba ta yi wa ɗan fari wannan ma. Da aka watse daga zaman makoki ta kira Fati ta ce a canza mata kalmar sirri, wadda mu muke ce wa kod, a sa sunan yaron nan. A shafin sana'a shi, a akwatin saƙonni shi, a asusun da masu saye ke turo kuɗi shi, ko'ina kalma ɗaya. Kullum da safe kafin a hura wuta sai ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, ta sa tabarau, ta riƙa danna baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Fati ta sha ce mata salular za ta iya riƙe mata, ba sai ta sake rubutawa kullum ba. Sai ta ce a bar ta. Da yamma da gangan take rufe komai don gobe ta sake buɗewa. Ni a lokacin taurin kai na ɗauka.

Sana'a ta yi yawa, hannun Yaya kullum cikin kwaɓi. In saƙo ya shigo, shafin kuma ya rufe, sai ta miƙa salular da gefen hannu ga duk wanda ke kusa ta ce, "Sa sunan yaron nan." Wadda aka fi miƙa wa ita ce Zainabu, wannan Zainabun da kuke ce wa bare. Daga wani ƙauye na Damagaram Takaya ta zo da 'ya'yanta bayan mijinta ya tafi neman aiki Arewa, hayin sahara, bai sake aiko da labari ba, ta kama ɗaki a unguwar Kara-Kara. Ta ɗan yi lekwal, tana jin Faransanci, ga haƙuri da masu saye, ko an zage ta sai ta ce Allah ya ba da haƙuri. Sannu a hankali amsa saƙonni ya koma hannunta.

Shekarar da nake so in ba ku labari, bayan kaka ne, lokacin da bukukuwa ke rububi. Wata safiya Yaya ta danna sunan, shafi ya ƙi buɗewa. Ta sake, ya ƙi. Muka ce rezo ne ya ɗauke, intanet ba ya kamawa, aka ci gaba da tuya. Sai da aka kwana biyu wata hajiya ta bugo daga Agadas, wai gobe za a kai garar 'yarta, ta je tasha ba ta ga kwallayenta ba, alhali ta biya tuntuni. Mu kuwa ko sunanta ba mu taɓa ji ba. Ashe wani ne ya shiga shafin, ya canza kod, ya zauna a ciki yana amsa mutane da sunan Yaya da hotunan alkakin Yaya, yana ba su wata lamba su tura kuɗi. Innalillahi! Ni nan take na ɗauki mayafi zan tafi komisariya wajen 'yan sanda ina zage-zage. Yaya ta ce in je, amma in na dawo in ɗaura zane da kyau. Ta sa aka ƙara murhu, muka yi wa matar nan gararta cif ba ta ƙara ko dala ba, da ita da duk wanda ya bugo bayanta. Ta ce su ba su san wani ɓarawo ba, sunanta suka gani suka yarda.

Daga nan magana ta juya. Alhaji Mamman na gidan gabas ƙanen Yaya ne, ni kuma wana ne. Ya shigo da babbar rigarsa ya zauna a kan tabarma.

"Yaya, wa kika taɓa faɗa wa kalmar nan?"

"Ni ban taɓa faɗa wa kowa ba," in ji Yaya. Kuma har ga Allah haka ta yi imani, tunda kalmar ba ta taɓa fita daga bakinta ba.

"To shi ke nan. Ba ki faɗa wa kowa ba, salula kuma wuni take a hannun mutum ɗaya. Sai an yi duba? Tun farko na ce miki ki yi hankali da 'yan Kara-Kara."

Kun san yadda wasu mutanen Zango ke ɗaga hanci in an ambaci unguwar nan, kamar su ba Allah ya yi su ba. Maganar ba ta kwana ba sai da ta zaga gari. Zainabu ta shiga kasuwa sayen tsamiya aka riƙa nuna ta da baki. Matan da suke cin tuwo kwano ɗaya da ita suka soma janye jiki. Mai gidan hayarta ya fara yi mata maganar ɗaki. 'Yarta babba da ake neman aure, dangin yaron suka ce a dakata tukuna. Zainabu ta rame, idanunta suka faɗa. Wata rana da hantsi ta durƙusa gaban Yaya ta ajiye salular a kan tabarma.

"Hajiya, zan koma ƙauye. Wallahi ban ci amanarki ba, amma ba ni da yadda zan nuna."

"Ɗauki abin nan ki tashi," in ji Yaya. "In kika tafi yau, kin amsa. Ki ba ni zuwa Fati ta iso."

Fati a lokacin tana aiki a wani biro, wato ofis, a Yamai. Ta iso, ta zauna da uwarta a ɗaki, ta yi mata tambaya ɗaya wadda duk cikinmu ba wanda ya yi: in hannunki na cikin kwaɓi, Inna, yaya ake buɗewa? Yaya ta dubi hannuwanta. Na ga fuskarta ta canza. Ta ce in aika a kira mata kowa bayan la'asar.

Aka cika tsakar gida: matan aiki, dangi, Alhaji Mamman da matarsa, har Malam Idi mai kabu-kabu da ke kai mana kaya tasha. Zainabu na can gefen rijiya kanta a ƙasa. Yaya ta miƙe tsaye, abin da ba ta saba yi a taro ba.

"Ba zan rantsar da kowa ba," ta ce. "Duk wanda ya san kalmar da nake buɗe salulata da ita, ya ɗaga hannu don Allah."

Na ɗaga nawa, don na sani. Zainabu ta ɗaga. Sai mai murza dubulan, sai mai daka nakiya, sai na bayansu, hannuwa suka yi ta tashi. Malam Idi ya ɗaga yana sosa ƙeya, ya ce ai ranar da za a duba sunan mai karɓar kaya a Maraɗi shi aka miƙa wa. Matar Alhaji ta ɗaga. Wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya, ba a ma kira ta ba, ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga nata da rariyar a ciki. Kowa ya juya yana kallon Alhaji Mamman. Ya gyara hula, ya yi tari, sannan hannun ya fito daga cikin riga a hankali. Wallahi ban so in yi dariya ba, amma ta kufce mini. Fati ta ƙara da cewa duk shekara ita da kanta take sa hoton Laminu a shafin da cikakken sunansa ana yi masa addu'a, wanda ke wata ƙasa ma in ya zauna ya gwada zai iya dacewa, balle masu gyaran salula da tsoffin ma'aikata da ba a san iyakarsu ba.

Yaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta taka har bakin rijiya, mace mai jikoki, ta durƙusa gaban Zainabu.

"Ki yafe mini. Ni na bar ƙofata a buɗe ina cewa a kulle take, aka zo ana cin mutuncinki a gidana ina kallo."

Ranar na san yayata ta fi ni nesa ba kusa ba. Ni da a ce ni ce, da sai in tsaya ina wanke kaina. Har yau ba a san wanda ya shiga shafin ba, amma daga wannan la'asar ba wanda ya sake iya kallon Zainabu ya ce ita kaɗai ce.

Da ƙyar da siɗin goshi Fati ta ƙwato shafin. Sannan ta ce ba za ta koma Yamai ba sai ta sa mana irin manhajar da suke aiki da ita a bironsu, wadda aikinta kawai ajiyar kalmomin sirri. Ta ce wa Yaya ta ɗauke ta kamar adaka. Kowace ƙofa ta sana'ar, manhajar ce za ta ƙirƙiro mata kod nata dabam, dogo, hargitsattse, wanda ba mai haddace shi balle ya cinka, ta ajiye a ciki. In an fasa ƙofa ɗaya sauran suna nan. Kowace ma'aikaciya da nata mabuɗin adakar, kuma ƙofar aikinta kaɗai za ta gani. Ni na ce wannan ai wahala ce ta 'yan boko. Yaya kuwa ta gyara zama ta shiga yi wa Fati tambayoyi kamar mai sayen saniya.

"In yarinya ta yi aure ta bar aiki fa?"

"Sai ki cire nata mabuɗin kawai, Inna. Ba sai an tayar da kowa ba."

"In salular ta faɗa rijiya?"

"Adakar ba a cikin salular kaɗai take ba. Sai a buɗe ta a wata."

"In wani abu ya sake faruwa, za a san hannun wa ya taɓa?"

"Za a san wanda ya buɗe, da wanda bai buɗe ba."

Yaya ta waiwaya ta dubi Zainabu da ke kwashe alkaki daga mai, ta ce wannan kaɗai ya ishe ta, a sa. Sai Fati ta ce saura babbar kalma guda, wadda Yaya za ta riƙa buɗe adakar da ita, ita kaɗai za ta riƙe a ka. Ta miƙa mata salular. Yaya ta sa tabarau, ɗan yatsanta ya nufi baƙin farko, wanda ya saba. Fati ta riƙe mata hannu.

"Inna, ban da shi."

"Ko na ƙara masa wani abu a baya?"

"Ban da shi, Inna. Duk Zango sun ɗaga hannu."

Hawaye na zuba a fuskar Fati. Yaya ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta daɗe tana kallon ƙasa. Sai a lokacin na gane abin da take yi kowace safiya a kan kujerar nan: ɗanta take kira da hannu, tunda baki ba ya iyawa. Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ɗauka magana ta mutu ke nan. Washegari ta fito ta ce wa Fati ta juya baya, ta danna wasu kalmomi masu tsawo, har yau ban san ko mene ne ba, ban kuma tambaya ba.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne wanda kuke ta magana a kai. Manhajar tana da wurin da za ka sa sunan wanda za a buɗe wa adakar duka in ka kwanta ciwo ko ka mutu. Kowa ya ɗauka Fati ce, ko ɗan Alhaji Mamman. Yaya ta ce Zainabu. Fati da kanta ta ce daidai ne, ita tana Yamai da aikinta, Zainabu ce ta san wace hajiya ke son zuma da yawa, wace ce ba a sa mata citta. Alhaji Mamman ya ce an wulaƙanta dangi, ya kakkaɓe riga ya fita. Bai sake taka gidan nan ba, ko da salla, sai da Yaya ta kwanta ciwon ajali. Abin ya ci mata rai, don tana son ƙanenta, ita ta goye shi. Amma ta ce mini, "Rakiya, a bainar jama'a aka zubar da mutuncin yarinyar nan, a bainar jama'a zan ɗora mata shi." A cikin shekarar aka ɗaura auren 'yar Zainabu, mu muka yi garar.

Kun dai ga amfanin abin da idonku. Ma'aikata sun zo sun tafi, wasu da faɗa, ba a sake kwana da fargaba ba. Ni kaina akwai ranar da aka aiko saƙo wai in tabbatar da shafinmu in ba haka ba za a rufe, na danna, manhajar ta ƙi sa kod ƙememe. Na yi ta masifa ina cewa ta lalace. Zainabu ta duba ta ce, "Inna Rakiya, ai ba ƙofarmu ba ce, kwaikwayo aka yi, shi ya sa ta ƙi." Da a kaina kalmar take, da tuni na zuba musu. Duk wanda ya gaji sana'ar nan a cikinku, kada in ji ya koma gidan jiya.

Amma bari in koma safiyar farko bayan Fati ta tafi. Na fito na tarar da Yaya a kan kujerarta, ta buɗe adakar, komai ya buɗe da kansa, ba sauran abin dannawa. Ga tabarau a ido, ga ɗan yatsa a sama, tana zaune kawai. Na yi kamar ban gani ba, na shiga haɗa itace.

"Rakiya," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ke bakinki ba shi da kunya. Kira shi in ji."

Na ajiye itacen. Na ce, "Laminu."

Ta ce, "Allah ya jiƙansa." Zainabu da ke wanke kasko ta ce amin. Yaya ta cire tabarau ta ce a hura wuta.

Haka muka yi kowace safiya har ƙarshen ranta. Da ta rasu, ana zaman makoki bikin mutane na matsowa, ba a tsaya neman komai ba, adakar ta buɗe wa Zainabu kamar yadda Yaya ta tsara. Ranar da za a koma aiki na fito da sassafe, na ga kujerar ba kowa, na wuce murhu ban kira sunan ba, don ban ga wanda zan kira wa ba. Matan duk sun hallara, an jera kasake. Zainabu na tsaye gefen kujerar, salular a hannunta, ba ta buɗe ba.

"Inna Rakiya," ta ce, "ba ki kira ba."

Na ce, "Laminu." Sannan na kira wanda ni ma ban taɓa kira ba tun da aka haife ni. Na ce, "Mariyama."

Matan suka ce Allah ya jiƙansu. Zainabu ta goge ido da gefen mayafi, ta buɗe adakar, aka hura wuta.